AWON JINI DA CIWON DAJIN TUMBI: ABIN DA YA KAMATA JAMA'A SU SANI

Ciwon dajin tumbi yana cikin cututtukan da ke hallaka mutane da yawa. A shekarar 2022 kaɗai ya kama kusan mutum miliyan ɗaya a duniya. Babban mai jawo shi wata ƙwayar cuta ce mai suna Helicobacter pylori, wadda kuma ita ce ke haddasa yawancin gyambon ciki. Shan taba da yawan cin abinci mai gishiri suna ƙara haɗarinsa.

Mene ne alamun daji a jini?

Wani lokaci ƙari yakan zubar da wasu sinadarai cikin jini, waɗanda ake iya aunawa. Biyu ne aka fi dubawa kafin tiyatar tumbi. Na farko shi ne CEA, wanda Gold da Freedman suka gano a Kanada cikin 1965. Na biyu kuwa CA 19-9, wanda aka gano cikin 1979. A yawancin ɗakunan awo, iyakar CEA ita ce 5, ta CA 19-9 kuma 37, kowanne bisa ma'auninsa.

Me suke gaya wa likita?

Bincike a ƙasashe da dama ya nuna cewa majiyyacin da waɗannan lambobi suka hau masa kafin tiyata ya fi zama cikin haɗarin cewa ciwon ya riga ya ratsa bangon tumbi, ko ya kai kaluluwa ko hanta. Saboda haka likita zai ƙara bincike, wataƙila kuma ya haɗa tiyata da allurar kashe daji. In an cire ƙarin gaba ɗaya, lambar takan sauka cikin 'yan makonni. In ta ƙi sauka, ko ta sake hawa daga baya, to alama ce ta a sake dubawa da sauri.

Amma fa lamba ba hukunci ba ce. Yawancin masu ciwon da bai yi nisa ba jininsu yakan fito lafiya lau. Haka nan mashayin taba CEA ɗinsa na iya hawa ba tare da daji ba, toshewar hanyar matsarmama kuma takan ɗaga CA 19-9. Akwai ma mutanen da jikinsu ba ya yin CA 19-9 sam. Abin da ke tabbatar da ciwon shi ne a zura na'urar leƙa ciki ta baki, a gutsuro 'yar tsoka, a duba ta a ɗakin awo.

Zuwa da wuri

Abin da ya fi rinjaye wajen tsawon rai bayan tiyata, da ikon Allah, shi ne matsayin da aka tarar da ciwon. A Japan, inda ake duba jama'a tun kafin su ji ciwo, fiye da 90 cikin 100 na waɗanda aka kama nasu tun yana sabo suna nan da rai bayan shekara 5.

Don haka ana kira ga mutanen Mubi da maƙwabtansu na Maiha, Michika da Madagali, da ma sauran 'yan ƙasa, da kada su shafe watanni suna sayen maganin gyambon ciki a kemis. Duk wanda ya ga rama ba dalili, ko saurin ƙoshi, ko yawan amai, ko baƙin bayan gida, ya garzaya asibiti. In da bukata, za a tura shi asibitin koyarwa na Yola ko na Maiduguri.

Wanda aka yi wa tiyata kuwa ya adana takardun awonsa, ya riƙa komawa ranar da aka sa masa, ya bar fassarar lamba ga likitansa. Hausawa sun ce, da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.