Ladabin Rubuta Manhaja: Darasi Daga Tafkin Kainji

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a shekarar 1968, kamun kifi ya ƙara bunƙasa a ƙasar Yauri, daga Shanga har zuwa Ngaski. Don sanin yawan kifin da ake kamawa, masana irin na cibiyar binciken kifi ta ƙasa da ke Sabuwar Busa sukan ƙidaya jiragen masunta, su auna kamun wasu daga cikinsu, sa'an nan su ƙiyasta na tafkin baki ɗaya. A yau kwamfuta ce ke yin irin wannan lissafi, ta hanyar manhaja, wato jerin umarnin da mutum ya rubuta mata.

A ɗauka wani ɗalibi ya rubuta irin wannan manhaja, ya kira nauyin kifi "x", yawan jirage kuma "y". Kwamfuta ba ruwanta, za ta yi aikinta. Amma idan ya kammala karatu ya tafi, wanda ya gaje shi ba zai san ko "x" kilo ne ko kwando ba. In ya yi kuskure, alƙaluman da hukuma za ta dogara da su wajen ƙayyade girman idon koma sun gurɓata ke nan, abincin masunci kuwa yana rataye da wannan hukunci. Saboda haka ne marubuta manhaja suka shimfiɗa wa kansu ƙa'idoji.

Ta farko ita ce suna mai ma'ana, kuma guda ɗaya ga kowane abu. Wannan ba baƙon abu ba ne ga ɗalibin ilimin halittu. Tun daga aikin Linnaeus na 1758 ake bai wa kowace dabba suna mai kalma biyu, ta farko da babban harafi, ta biyu da ƙarami. Giwan ruwa dai Lates niloticus ne, ko a kasuwar Yelwa ko a Masar. Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta ba kifaye lambobi masu haruffa uku, na giwan ruwa shi ne NIP. Haka ya kamata manhaja ta kasance: "nauyin_kifi_kilo" ya fi "x" nesa ba kusa ba.

Ta biyu ita ce bayyana ma'auni. A watan Satumba na 1999 Amurka ta yi asarar kumbon da ta aika duniyar Mas, domin wata manhaja ta fitar da alƙaluma da ma'aunin Ingilishi, alhali wadda ke karɓarsu tana jiran ma'aunin mita. Abin da ya kayar da kumbo ba zai ƙyale lissafin kifi ba.

Ta uku ita ce tsarin shafi. Harshen Python, wanda masu bincike da yawa ke amfani da shi, yana da kundin ladabi mai suna PEP 8, wanda Guido van Rossum da abokan aikinsa suka fitar a 2001. Kundin ya nemi kada layi ya wuce haruffa 79, a kuma bar gurbi huɗu a farkon layin da ke ƙarƙashin wani umarni, don ido ya ga inda kowane sashe ya fara.

Ta huɗu ita ce ɗan sharhi a gefen umarni, wanda zai faɗi dalili. Alal misali, idan an cire alƙaluman wata rana saboda sikeli ya lalace, sai a rubuta hakan a wurin.

Malamai suna iya gwada wannan a aji: ɗalibai biyu su yi musayar manhajojinsu, kowa ya bayyana aikin ɗan'uwansa ba tare da ya yi masa tambaya ba. Duk inda mai karatu ya cije, nan ne gyara yake.