Malaman Borno da suka riƙe alli a ƙetare: Shekarun da ba su shiga fayil ba

Idan aka ce malamin sa-kai a ƙasar waje, abin da ke fara zuwa zuciyar ma'aikacin gwamnati a Abuja shi ne shirin TAC, wanda gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙirƙiro a 1987 lokacin da Farfesa Bolaji Akinyemi ke riƙe da Ma'aikatar Harkokin Waje. Tsarin a bayyane yake. Najeriya na zaɓen malamai da likitoci da injiniyoyi, ta tura su ƙasashen Afirka da yankin Karibiyan da tsibiran Fasifik na tsawon shekara biyu, ta biya su alawus, ƙasar da ta karɓe su kuma ta ba su masauki. Wanda ya je Gambiya ko Yuganda ko Zanzibar yana tafiya ne da takardar sakin aiki daga ma'aikatarsa, yana dawowa a tarbe shi a Abuja, shekarun nan biyu kuma su zauna daram a cikin fayil ɗinsa.

Akwai wani rukunin malaman Najeriya da su ma suka koyar a ƙauyukan ƙasashen waje, wasu fiye da shekara goma, ba tare da wani ya tantance su ko ya yi musu bikin bankwana ba. 'Yan Jihar Borno ne akasarinsu, kuma da ƙafa suka tsallaka iyaka.

A cikin 'yan watanni ƙalilan garuruwansu suka faɗa hannun Boko Haram ɗaya bayan ɗaya: Gwoza da Gamboru Ngala a watan Agustan 2014, Bama a Satumba, Damasak da Malam Fatori a Nuwamba, sai Baga a farkon Janairun 2015. Wanda hanyar Maiduguri ta buɗe masa ya nufi can, inda ya tarar da makarantun gwamnati sun zama sansanonin 'yan gudun hijira, domin tun a watan Maris na 2014 gwamnatin jihar ta rufe makarantun sakandarenta saboda hare-hare. Wanda hanyar ta rufe masa kuwa sai ya fuskanci iyaka mafi kusa. Mutanen Gwoza da Banki suka gangara Kamaru, aka tattara da yawansu a sansanin Minawao da ke kusa da Mokolo a Jihar Arewa Mai Nisa, wanda aka buɗe a 2013. Mutanen Damasak da Malam Fatori suka haye Kogin Komadugu Yobe zuwa yankin Difa na Nijar. Na Baga da Doron Baga suka bi kwale-kwale ta Tafkin Chadi har Bagasola, inda aka kafa sansanin Dar es Salam.

Malamin makaranta yana da dalilin gudu fiye da kowa, domin shi ake fara nema. A watan Satumban 2017 asusun UNICEF ya ce tun daga 2009 an kashe malamai fiye da 2,295 a Arewa maso Gabas, an raba wasu 19,000 da muhallansu, an kuma lalata makarantu kusan 1,400. Saboda haka mutumin da ya isa sansani a ƙetare ya miƙe ya ce shi malami ne, ya ambaci sana'ar da ta kusa jawo masa ajali ke nan.

Sansanonin nan ba a cikin birane aka kafa su ba. Fili ne aka share a daji, nesa da kwalta, a yankunan da su kansu 'yan ƙasar ke kukan ƙarancin makarantu. Ajin farko a irin waɗannan wurare rumfar tamfol ce ko inuwar bishiya. Hukumar UNHCR da ƙungiyoyin agaji suna iya kawo allo da alli da littattafan rubutu cikin 'yan makonni, amma malami ba ya zuwa a cikin kwali. Gwamnatocin da suka karɓi baƙin kan turo nasu malaman, sai dai ba sa isa, kuma ba kowane ma'aikaci ne ke son a jefa shi bakin iyakar da ake yaƙi ba. Dole aka juya cikin 'yan gudun hijirar aka nemi duk wanda ya taɓa riƙe alli: mai takardar NCE, tsohon hedimasta, ɗalibin kwalejin horon malamai ta Bama da karatunsa ya katse, har da wanda sakandare kawai ya gama.

Abin da ake ba irin wannan malami ba a kiran sa albashi. A tsarin ƙungiyoyin agaji ihisani ne, ɗan abin ƙarfafa gwiwa, wanda ke ƙasa da na malamin gwamnati da suke koyarwa a makaranta ɗaya, kuma ya dogara ne ga kuɗin da masu ba da tallafi suka saki a wannan shekarar. Ba shi da matakin albashi, ba ƙarin girma, ba fansho. Idan kwangilar ƙungiyar da ke biya ta ƙare kafin wata ta karɓa, sai a yi ta jira. Shi kuma malamin, kamar iyayen ɗalibansa, yana da katin rabon abinci, yana bin layi ɗaya da su, kuma duk lokacin da Hukumar Abinci ta Duniya ta rage rabon saboda ƙarancin kuɗi, tukunyarsa ma ta shaida.

Aikin kansa ba ƙarami ba ne. Aji mai yara sama da ɗari ba abin mamaki ba ne a Minawao. A cikinsu akwai ɗan shekara bakwai da ɗan shekara goma sha uku a benci ɗaya, idan ma akwai bencin, domin yara da yawa daga tsibiran Tafkin Chadi da ƙauyukan kan dutse ba su taɓa shiga aji ba sai da suka zama 'yan gudun hijira. Wannan na daga cikin abubuwan ban mamaki na wannan rikici: ƙungiyar da ta tashi yaƙar boko ta kora dubban yara zuwa wurin da suka fara ganin baƙin allo. Akwai yaron da ƙarar faɗuwar kwano kan sa ya ruga ƙarƙashin tebur, akwai yarinyar da ke zuwa goye da ƙaninta saboda uwar ta tafi neman itace. Babu kwalejin da ta koya wa malami yadda zai yi da waɗannan, kuma shi ma abin da suka gani ya gani.

Babbar matsalar dai ita ce harshe, kuma a nan ƙasashen uku suka bambanta. Kamaru na da tsarin karatu iri biyu, na Faransanci da na Ingilishi, don haka malamin Borno a Minawao ya samu sauƙi: yana iya koyarwa da Ingilishi, amma bisa manhajar Kamaru. Tarihin da zai koyar na Kamaru ne, taken ƙasar da yara za su rera da safe na Kamaru ne, jarrabawar da zai shirya su dominta ita ma ta can ce. Sannan Ingilishin a kan allo kawai yake. Yaran Gwoza kaɗai suna zuwa da Glavda da Mafa da Guduf da Mandara, ga Kanuri, ga Fulatanci da ke yawo a kasuwannin yankin. Hausa ce takan zama gadar da malami ke bi ya isar da darasin lissafi ga yaron da bai san Turanci ba.

A Nijar da Chadi lamarin ya fi tsauri, domin makarantar gwamnati da Faransanci take, a Chadi kuma har da Larabci. Ƙaramin yaro kan ɗauki sabon harshe cikin shekara ɗaya ko biyu. Wanda ya kai aji biyu na babbar sakandare a Damasak fa? A mayar da shi ajin farko ya fara daga baƙaƙe? Wannan ne ya sa UNHCR ta buɗe cibiyoyin karatu na musamman a yankin Difa, inda ɗaliban sakandare ke ci gaba da manhajar Najeriya da Ingilishi, ana shirya su domin jarrabawar NECO, har a shekarun farko aka riƙa kai su Kano su rubuta. Masu jan ragamar darussa a irin wannan cibiya sai waɗanda suka san manhajar, wato 'yan Najeriya. Shi kuwa malamin firamare da bai iya Faransanci ba, sau da yawa matsayinsa kan koma na mataimaki ko tafinta a gaban malamin ƙasar, ko da ya girme shi a aikin da shekara ashirin.

Yanzu ana komawa gida. A ranar 2 ga Maris 2017 Najeriya da Kamaru da UNHCR suka sa hannu a Yawunde kan yarjejeniyar maido da 'yan gudun hijira bisa son ransu. A farkon 2021 Gwamna Babagana Umara Zulum ya je Marwa da kansa, aka fara kwaso mutane daga Minawao zuwa Banki da Bama. A 2022 aka sake tsugunar da jama'a a Malam Fatori, a watan Fabrairun 2025 kuma aka ƙulla irin wannan yarjejeniya da Chadi, aka fara ɗebo mutanen Bagasola. Abin da aka fi ji a bukukuwan tarba shi ne kuɗin tallafi da buhunan abinci da gidaje, kuma babu mai musun cewa su ne na gaba. Amma a cikin motocin akwai mutanen da suka shafe shekaru suna koyarwa a yanayin da ya fi na kowace makarantar Maiduguri wuya, kuma jihar da suke komawa tana cikin tsananin buƙatar malamai.

Alƙaluman gwamnatin jihar ne suka nuna haka. A 2020 kwamitin tantance ma'aikata ya gano sunaye 7,794 na malaman firamare na bogi. A watan Fabrairun 2022 aka bayyana sakamakon jarrabawar gwajin ƙwarewa da aka yi wa malaman ƙananan hukumomi 17,229: guda 5,439 ne kawai aka samu sun cancanta, 7,975 suna buƙatar ƙarin horo, 3,815 kuma aka ce ko horon ba zai amfane su ba. Jihar da ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na malamanta suka tsallake gwaji ba ta da rarar da za ta bari gogaggen malami ya koma sayar da itace a Banki.

Sai dai tsarin aikin gwamnati takarda ya sani, kuma duk ma'aikacin da ya taɓa neman fayil ɗinsa a rajista ya san haka. Tantancewa tana buƙatar mutum ya bayyana da takardar kama aiki da shaidar karatu na asali. Wanda ya bar Gwoza da rigar jikinsa, gidansa ya ƙone, sakatariyar ƙaramar hukumarsa ma ta ƙone, da me zai bayyana? Wanda kuma a sansani ya fara koyarwa, abin da ke hannunsa bai wuce takardun halartar bita masu tambarin ƙungiyoyin agaji ba, wasu da Faransanci. Hukumar yi wa malamai rajista ta TRCN tana neman NCE a matsayin mafi ƙarancin shaida, kuma ba ta da laifi a kan haka. Dokar 2022 da ta kai ritayar malamai shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki tana lissafi ne da shekarun da aka rubuta. Shekara goma a Minawao ba sa cikin wannan lissafi.

Wasu ƙasashen sun riga sun yi tunani a kai. A watan Disambar 2017 ƙasashen ƙungiyar IGAD ta gabashin Afirka suka amince da Sanarwar Jibuti kan ilimin 'yan gudun hijira, wadda ta ƙunshi amincewa da takardun ɗalibai da na malamai daga wannan ƙasa zuwa waccan. Aiwatarwar tana tafiyar hawainiya, amma aƙalla an rubuta malamin a cikin yarjejeniya. A yankin Tafkin Chadi, inda ƙasashe huɗu ke da tsarin karatu daban-daban da kuɗi iri uku, buƙatar ta fi girma.

Kuma kayan aikin duk suna nan a hannun hukumomin tarayya. Ƙungiyoyin da suka riƙa biyan ihisani suna da jerin sunayen waɗanda suka biya, wata bayan wata, domin masu binciken kuɗi ba sa barin su su yi wasa da wannan. Hukumar kula da 'yan gudun hijira ta ƙasa, wadda ke zama a teburin yarjejeniyoyin nan, tana iya neman jerin a matsayin wani ɓangare na takardun komowa, kamar yadda ake karɓar sunayen iyalai. Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna an kafa ta ne a 1976 domin irin wannan aiki, wato ɗaga darajar malamin da ke bakin aiki ba tare da ya bar ajinsa ba, kuma tana da cibiyoyin karatu a jihohi. Kwalejin Ilimi ta Kashim Ibrahim da Jami'ar Maiduguri suna da sassan da za su iya gwada mutum a gaban aji su faɗi abin da ya iya. Hukumar Raya Arewa maso Gabas, wadda hedikwatarta ke Maiduguri, tana da asusun tallafa wa ilimi.

Wannan ba yana nufin a ɗauki kowa aiki ba gwaji ba. A cikin malaman sansani akwai waɗanda rashin wani ne ya sa aka ba su alli, kuma jarrabawa irin ta 2022 za ta tace su kamar yadda ta tace na gida. Abin da ake magana shi ne a ba su damar zama jarrabawar, a kuma lissafa shekarun ga wanda ya ci. Akwai ma wata riba da ba a cika lura da ita ba: yaran da aka haifa ko suka tashi a Difa da Bagasola suna dawowa da karatun Faransanci, za su shiga azuzuwan Ingilishi a Damasak da Baga, kuma mutumin da ya fi kowa sanin inda kowane yaro ya tsaya shi ne malamin da suka hau mota ɗaya da shi.

Fom ɗin da ake cike wa mai komowa gida yana tambayar suna da garin asali da yawan iyali. Ƙarin layi biyu, na makarantar da mutum ya koyar da shekarun da ya yi, aiki ne da kwamitin ƙwararru na yarjejeniyar zai iya amincewa da shi a zama guda, kafin ayarin motoci na gaba ya taso daga Minawao.