CIWON SUKARI: ABINCIN DA YA DACE YANA CIKIN RUMBUNMU

Ƴan'uwa manoma da makiyaya na ƙasar Tagris, da sauran jama'ar gundumar Dakwaro, yau za mu yi magana a kan ciwon sukari. Da can ana cewa ciwo ne na masu kuɗi da mutanen birni. Yanzu ya shigo ƙauyuka da rugage. Magidanci yana noma lafiya lau, sai a ga ya fara ramewa. Yana sha, ƙishirwa ba ta yankewa. Da dare yana ta fita fitsari. Wasu su ce sammu ne, wasu su ce iska ce. Kafin a kai shi gidan likita, ƙaya ta soke shi a ƙafa, miki ya ƙi warkewa. Wani lokaci sai an yanke ƙafar. To, ina gona, ina iyali?

Ƙungiyar duniya mai yaƙi da ciwon sukari ta yi ƙiyasi a shekarar 2021. Ta ce manya miliyan 24 ne ke da wannan ciwo a yankin Afirka, kuma fiye da rabinsu ba su san suna da shi ba.

MENE NE CIWON SUKARI?

Tuwo, fura, shinkafa, burodi da rogo, idan sun shiga ciki, suna narkewa su zama sukari. Sukarin nan yana shiga jini, shi ne ke ba mu ƙarfin aiki. A bayan tumbi akwai wata ƴar tsoka mai fitar da wani ruwa, sunansa insulin. Aikin insulin kamar na mabuɗi ne: yana buɗe wa sukari ƙofa ya bar jini ya shiga tsokar jiki. Idan insulin ya yi kaɗan, ko kuma jiki ya daina jin sa, sai sukari ya taru cikin jini. A hankali yana ɓata idanu, ƙoda, zuciya da jijiyoyin ƙafa.

Ciwon iri biyu ne manya. Na farko ya fi kama yara da matasa, kuma dole sai da allurar insulin kullum. An gano wannan magani a ƙasar Kanada a shekarar 1921. Na biyu ya fi yawa, ya fi kama wanda ya wuce shekara 40, ko mai ƙiba, ko wanda ya gada a danginsu. Mai ciki ma tana iya samun sa.

Alamominsa su ne: yawan ƙishirwa, yawan fitsari, rama, kasala, gani dishi-dishi, da miki mai wuyar warkewa. Wasu suna lura da ƙiyashi na taruwa inda suka yi fitsari. Amma alama ba ta isa shaida ba, sai an yi awo. Ana tsaga yatsa kaɗan a ɗauki ɗigon jini da safe, kafin a ci komai. Idan awo ya nuna giram 1,26 cikin lita ko fiye, har sau biyu a ranaku dabam, to akwai ciwon.

MU ƘIRGA SUKARIN DA MUKE SHA

A ƙasarmu, shayi ya zama abokin hira. Akwai na farko, na biyu da na uku. Bari mu yi lissafi. Ƙwayar sukari ɗaya ta kai kusan giram 5. A ce kowane ɗan kofi ya ci ƙwaya 2. Kofi 3 ya zama ƙwaya 6. Wanda ya zauna shan shayi sau 3 a yini ya sha ƙwaya 18, wato giram 90. Ba mu ƙirga wanda aka zuba a fura da kunu ba.

A shekarar 2015, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a kan sukari. Ga babban mutum mai lafiya, iyakar ta kama kusan giram 50 a yini, wato ƙwaya 10. Idan ya tsaya a giram 25, ya fi kyau. Lemon gwangwani guda ɗaya tak yana ɗauke da kusan ƙwaya 7. Kun ga mai shayin nan ya kusa ninka iyakar tun bai sha lemo ba.

Mai ciwon sukari sai ya bar zuba sukari a shayi, fura da kunu. Mai lafiya kuma ya rage. A fara da cire rabi. Bayan ƴan makonni harshe zai saba. Zuma, rake, alewa da zoɓo mai zaƙi duk suna ɗaga sukarin jini. Dabino ma haka, sai ɗaya ko biyu.

HATSINMU YA FI FARAR SHINKAFA

Abinci kamar makamashi ne. Wani kamar kara yake: ya kama bal-bal, nan da nan ya mutu. Wani kamar itacen ƙirya yake: yana ci a hankali, garwashinsa ya daɗe. Farar shinkafa, burodi, taliya, fanke da garin rogo, kara ne. Suna cika jini da sukari lokaci ɗaya, an jima kuma yunwa ta dawo. Gero da dawa masu sauran dusa, da wake, su ne itacen ƙirya.

A shekarar 2021, masanan cibiyar ICRISAT da abokan aikinsu sun tattara binciken da aka yi a ƙasashe da dama. Sun ga cewa gero da danginsa ba sa ɗaga sukarin jini da sauri kamar farar shinkafa da farin garin alkama. Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta keɓe shekarar 2023 ta zama shekarar gero. Abin da wasu ke rainawa su ce abincin ƙauye, shi duniya ke yabo.

Sai dai a kula da abu uku. Na ɗaya, surfe. Idan aka surfe hatsi har ya yi fari fat, an zubar da amfani mai yawa cikin dusa, akuya ce ta ci riba. A surfa sama-sama. Na biyu, laushi. Kunu mai ruwa-ruwa yana shiga jini da sauri fiye da tuwo ko dambu. Na uku, yawa. Gero ma sukari yake zama. Wanda ya cinye malmala uku, sukarinsa zai hau ko da tuwon gero ne.

CIKI YA CIKA, JIKI YANA JIN YUNWA

Akwai wata yunwa da ba a gani. Mutum ya sha fura da safe, ya sha da rana, ya ci tuwo da dare da ƴar miya tsululu. Cikinsa ya cika, amma jikinsa bai sami duk abin da yake so ba. Daga nan ake samun ƙarancin jini ga mata, dundumi, maƙoƙo, da yara masu tsumburewa. Ga abin da ke cike wannan giɓi, kuma duk yana da kyau ga mai ciwon sukari.

Wake. Cikin giram 100 na busasshen wake akwai kusan giram 24 na abin gina jiki. Gero yana da kusan 11, farar shinkafa kusan 7. Wake yana riƙe ciki, ba ya ɗaga sukari da sauri. Idan za a dafa shinkafa da wake, a bar wake ya fi yawa. Gujiya, riɗi, ƙuli-ƙuli da daddawa su ma suna gina jiki. A zubar da gujiyar da ta yi fumfuna, tana da guba mai ɓata hanta.

Ganye. Zogale, yakuwa, rama, lalo, tafasa, gasaya, yaɗiya da kuka. Suna da sinadaran ƙara jini da na gyaran gani, kuma sukarinsu kaɗan ne ƙwarai. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, albasa da tumatir cikakken abinci ne. Kuɓewa, yalo da kabeji su ma a ci da yawa.

Nono. Allah ya ba ƙasarmu dabbobi. Nono, kindirmo da cuku suna ƙarfafa ƙashi da haƙori. A dafa madara kafin a sha ko a kwantar da ita. A dama fura da nono mai yawa, dawo kaɗan, ba sukari.

Ƙwai, nama, hanta, busasshen kifi da fara. Ba sa ɗaga sukarin jini. Kaɗan ma yana da amfani. Kada a sayar da ƙwan zabi duka ranar kasuwa, a bar wa yara da mai ciki nasu.

Ƴaƴan itace. Magarya, goruba, ɗanyen garin kuka, gwaiba da lemo. A ci su yadda suke. Mangwaro da ayaba suna da zaƙi, mai ciwo ya ci ƙarami ɗaya ko rabi.

Ga wata dabara. Shayi yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙara jini da ke cikin abinci. A jinkirta shi kamar awa ɗaya bayan an ci. Lemon tsami da ɗanyen tumatir kuwa suna taimaka wa jiki ya ɗauke shi. Gishiri a sayi mai maganin maƙoƙo, amma a rage yawansa. Ƙaramin cokali ɗaya, wato giram 5, shi ne iyakar babban mutum a yini. Dunƙulen ɗanɗano ma gishiri ne. Ciwon sukari da hawan jini sukan zo tare.

YADDA ZA A RABA KWANO

Mun saba ci tare a kwano ɗaya, kuma al'ada ce mai kyau. Amma mai ciwon sukari ya kamata a zuba masa nasa dabam, don ya ga yawan abin da yake ci. Ba wariya ba ce, ciwon ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum.

A raba kwano gida huɗu. Gida biyu na ganye da miya ne. Gida ɗaya na wake, ko ƙwai, ko nama, ko kifi. Gida ɗaya na tuwo ko dambu, kamar girman dunƙulen hannun mai ci. A fara da ganye, a ƙare da tuwo. A ci sau uku a kan lokaci. Kada a wuni da yunwa sannan a cika ciki da dare. Abin sha kuwa, ruwa ya fi komai.

Uwargida, wannan aiki yana hannunki. Maigida, kai ne mai buɗe rumbu da kuɗin cefane. Idan ba ku haɗa kai ba, mai ciwo ba zai iya shi kaɗai ba.

SHIRI TUN DAGA GONA

Nijar tana cikin ƙasashen da suka fi noman wake a duniya, Nijeriya ce kawai ke gabanta. Duk da haka, da kaka sai mu kwashe wake mu kai kasuwa lokacin da ya fi arha, don tsoron ƙwari. Da bazara kuma mu sayi shinkafa da taliya da tsada. Akwai mafita. Tun shekarar 2007 aka fara yaɗa buhun PICS mai ninki uku, tare da masanan INRAN na Maraɗi. Leda biyu ne a ciki, buhu ɗaya a waje. Idan wake ya bushe sosai, aka ɗaure kowane ninki dabam, ƙwari suna mutuwa don rashin iska. Ba a sa magani ko kaɗan. Kowane gida ya ware waken ci kafin na sayarwa.

A shekarar 2018 an fitar da wani irin gero a Nijar mai suna CHAKTI. Ya fi geron da muka saba yawan sinadarin ƙara jini. Yana nuna da wuri, cikin wata biyu da ƴan kwanaki. Wannan ya dace da ƙasa irin tamu mai gajeriyar damina. A tambayi malamin gona inda ake samun sa.

Da damina ganye yana da yawa har a tattake shi. A tsinka, a wanke, a shanya a inuwa, a adana don rani. Rana tana cinye amfanin ganye. A shuka zogale a bayan gida, a kare shi da ƙaya saboda awaki, a riƙa ba shi ruwan alwala da na wanke hatsi. A gona kuma, idan ana sassabe, a bar magarya da aduwa su tashi.

GARGAƊI

Abinci mai kyau yana taimaka wa magani, amma ba ya maye gurbinsa. Wanda aka rubuta wa ƙwaya ko allura kada ya bari don ya ji sauƙi. Har yau ba a sami maganin da ke raba mutum da wannan ciwo gaba ɗaya ba. Mai tallan sassaƙe ko ruwan ɗaci da ya ce zai warkar da shi cikin mako ɗaya, kuɗinka yake so.

Mai shan magani, sukarinsa yana iya faɗuwa ƙwarai idan bai ci abinci ba, ko ya yi aiki mai wuya. Zai ji karkarwa, gumi, jiri da yunwa mai tsanani. A nan ne kawai sukari ke zama magani: a ba shi ƙwaya 3 nan take, sannan ya ci abinci. Idan ya suma, kada a ɗura masa komai, a garzaya da shi gidan likita. Kafin watan azumi, ya je ya nemi shawarar ma'aikacin lafiya.

Ya riƙa duba ƙafafunsa kowane dare. Kada ya shiga gona ko daji ba takalmi. Da rani, lokacin da aikin gona ya ƙare, kada ya wuni zaune a tabarma. Tafiyar ƙafa ta rabin awa, kwana biyar a mako, tana rage sukarin jini.

Kowace shekara, ranar 14 ga watan Nuwamba ita ce ranar ciwon sukari ta duniya. Lokacin ya zo daidai da ƙarshen kaka, amfani ya shigo gida. Duk wanda ya wuce shekara 40, ko yake da mai ciwon a danginsu, ya je a auna jininsa a gidan likita mafi kusa, ko a asibitin Dakwaro. Wanda ya karanta wannan shafi ya karanta wa iyalinsa da maƙwabtansa. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka.