Kwance Kan Batir Ba Gyaran Mota Ba Ne

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a garejojinmu, har na gaji da jin ta. Mutum zai kai motarsa 'yar Kwatano wajen bakanike, ya nuna masa wutar nan ruwan ɗorawa mai siffar inji da ta kama a dashbod, sai a ce masa: "Alhaji, rabu da ita, ai duk motar da ta sha man ƙasar nan sai ta kawo wannan wutar." In ya matsa, a sa yaro ya kwance kan batir na 'yan mintoci, a mayar. Wuta ta ɗauke, a karɓi kuɗin aiki.

Wallahi ba gyara aka yi ba. Wutar nan ƙwaƙwalwar mota ce ke kunna ta idan ta ga matsala a inji ko a hayaƙi, kuma takan ajiye lambar matsalar. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996, da na fetur na Turai daga 2001, duk suna da wani soket mai ramuka 16 a ƙasan sitiyari, inda ake jona na'ura a karanta lambar.

To, me kwance batir yake yi? Galibi goge lambar yake yi. Yana kuma goge bayanin da ƙwaƙwalwar ta ɗauka a daidai lokacin da matsalar ta faru, kamar zafin inji da gudunsa, har da saitin mai da ta koya a hankali. Wato an yaga takardar gwajin asibiti ne, ciwon kuma yana nan. Bayan kwana biyu ko mako, ƙwaƙwalwar ta sake gwajinta, wutar ta dawo, sai a ce ai dama an gaya maka halinta ne. A tsakanin nan motar tana zuƙar mai, fulogi na yin baƙi, kai kuma kana zagin gidan mai. Zancen cewa kowace mota a nan dole ta kawo wutar ƙarya ce. Gurɓataccen mai yana iya jawo ta, gaskiya ne, amma wannan ma matsala ce da ake bi a gano, ba ado ba. Mafi muni su ne masu cire ƙwan wutar ko su liƙe shi kafin su sayar da mota. Wannan ha'inci ne, kuma Allah na gani.

Ga abin yi. Fara duba murfin tanki, domin rashin ɗaure shi da kyau kan kunna wutar a motoci da yawa. In ba shi ba ne, je a jona na'ura, ka rubuta lambar da hannunka kafin kowa ya goge. Kada ka yarda a ce lamba ta nuna kayan da za a canza. P0301 na nufin silinda ta ɗaya ba ta ƙona mai daidai, amma ko fulogi ne, ko koyil, ko nozul, sai an gwada. P0171 na nufin iska ta rinjayi mai. Yana iya zama tiyo ne ya tsage ko famfon mai ya raunana. P0420 kuwa ta shafi matatar hayaƙin da ke jikin salansa, wadda kanikawa ke kira indomi. A nan ka buɗe ido, domin akwai ƙarafa masu tsada a cikinta irin su filatinam, shi ya sa wasu ke saurin cewa a fasa a cire. Da zarar an cire, wutar ta samu wurin zama.

Idan wutar tana ƙiftawa, ba tsaye take ba, rage gudu ka nemi wuri ka tsaya, domin ɗanyen mai ne ke shiga salansa yana ƙona matatar. Idan kuma an yi gyara na gaskiya, a goge da na'ura, ko a bar ta. Takan mutu da kanta bayan tafiya uku a jere ba tare da matsalar ta sake bayyana ba.

Mai shirin sayen tsohuwar mota, murɗa makulli ba tare da ka tayar da inji ba. Dole wutar ta kama, sannan ta mutu bayan inji ya tashi. In ba ta kama ba sam, kada ka biya kuɗi sai an jona na'ura a gabanka.