Fiyano, Maƙogwaro da Kunne: Yadda Na'ura Take Kwaikwayon Sauti

Duk wanda ya ratsa Unguwar Romi, a kudancin birnin Kaduna, da hantsin ranar Lahadi, kunnensa zai sha kiɗa. Daga wannan majami'a ganguna ne ke tashi, daga waccan ƙaho da sarewa, can gaba kuma wani amo ne mai kauri da yakan sa tagogi karkarwa. Baƙo zai zaci taron makaɗa ne a kowane ɗaki. Amma idan ya leƙa, sau da yawa abin da zai tarar bai wuce saurayi guda a gaban wani dogon akwati mai madannai farare da baƙaƙe ba, an jona shi da lasifika. Wannan akwati shi ne jama'a suke kira fiyano, kuma shi ne ake ji a wuraren biki da waƙoƙin finafinan Hausa da tallace-tallacen rediyo.

A haƙiƙa sunan na aro ne. Fiyano na asali yana da tsirkiyoyin ƙarfe sama da 200, waɗanda wasu ƙananan gudumomi suke bugawa. Shi kuwa wannan babu tsirkiya a cikinsa, babu fata, babu kafar busa. Masana suna kiransa sintasaiza, wato na'urar harhaɗa sauti. To, ta yaya akwatin da ba ya ɗauke da komai sai wayoyin lantarki yake yin kukan algaita? Rabin amsar yana cikin ilimin lantarki, rabi kuma yana cikin jikin ɗan Adam, domin tsarin na'urar ya yi daidai da tsarin maƙogwaro, kuma ba ta da alƙali sai kunne.

Mene ne sauti?

Sauti karkarwar iska ce. Idan aka bugi fatar ganga, sai ta riƙa kai da komowa, tana tura iskar da ke kusa da ita, ita ma ta tura ta gaba, har abin ya iso kunne da gudun kimanin mita 340 a daƙiƙa. Yawan kai da komowar da aka yi a daƙiƙa guda shi ake aunawa da ma'aunin Hertz. Idan karkarwar ta yi yawa sai a ji siririn sauti, idan ta yi kaɗan sai a ji mai kauri. Kunnen yaro mai lafiya yana jin karkarwa daga sau 20 zuwa sau 20,000 a daƙiƙa.

Sai dai algaita da sarewa suna iya busa sauti mai karkarwa iri ɗaya, misali sau 440 a daƙiƙa, amma ko da ido a rufe ba a kasa bambance su. Dalili shi ne babu kayan kiɗan da ke fitar da karkarwa guda tilo. Tare da uwar karkarwa akwai 'ya'yanta: mai ninki biyu, wato 880, da mai ninki uku, wato 1,320, har zuwa sama. Sarewa 'ya'yanta kaɗan ne kuma raunana, shi ya sa muryarta take da taushi. Algaita kuwa 'ya'yanta suna da yawa kuma suna da ƙarfi, shi ya sa take da kaifi. Wani likita Bajamushe, Hermann von Helmholtz, shi ne ya bayyana wannan dalla-dalla a 1863. Daga nan aka fahimci cewa wanda duk ya iya haɗa uwa da 'ya'ya bisa gwargwado zai iya ƙera muryar kayan kiɗan da ya ga dama.

Maƙogwaro, na'urar farko

Kowane mutum yana yawo da irin wannan na'ura a wuyansa. A cikin maƙogwaro akwai tantani guda biyu, waɗanda iskar huhu take kaɗawa yayin magana. Na namiji baligi suna karkarwa kimanin sau 120 a daƙiƙa, na mace kuwa sama da sau 200. Abin da ke fitowa daga gare su ɗanyen sauti ne mai kama da kukan zuma, cike da 'ya'yan karkarwa. Baki da hanci da harshe da leɓɓa su ne suke tace shi kamar rariya, su ƙarfafa wasu 'ya'yan, su danne wasu. Ɗalibi zai iya gwada wannan a aji: ya ja murya a mataki guda, ya ce "a", ya koma "i", ya koma "u". Tantanin murya bai sauya aikinsa ba, siffar baki ce kawai ta sauya.

Sassa uku ne ginshiƙin sintasaiza, kuma kowanne yana da takwara a jiki. Na farko shi ne mai haifar da karkarwar lantarki, a madadin tantanin murya. Na biyu shi ne rariya, a madadin baki. Na uku shi ne mai tsara tashin sauti da faɗuwarsa, a madadin numfashi. Wannan na uku yana da muhimmanci ƙwarai, domin sautin ganga yakan tashi farat ɗaya ya mutu da sauri, na goge kuwa yakan taso a hankali ya daɗe. A ƙarshe sai a tura karkarwar lantarkin zuwa lasifika, inda maganaɗisu yake kaɗa wani faifai, shi kuma ya kaɗa iska.

Daga Amurka zuwa Yamai da Kano

A 1964 wani injiniya Ba'amurke, Robert Moog, ya nuna sintasaizarsa ta farko, wadda ake haɗa sassanta da wayoyi. A 1970 kamfaninsa ya fito da ƙaramar Minimoog, wadda makaɗi zai iya ɗauka zuwa dandali. A 1983 kamfanin Yamaha na Japan ya fito da DX7, wadda lissafi ne yake haifar da sautinta. Yawancin fiyanon da ke kasuwa a yau sun bi wata hanya mafi sauƙi: ana ɗaukar sautin kayan kiɗa na gaskiya, a mayar da shi lambobi, a adana a ƙwaƙwalwar na'ura, madanni ya riƙa kiransa. Wajen yin faifan CD, misali, sau 44,100 ake auna sauti a kowace daƙiƙa.

Afirka ta Yamma ba ta tsaya kallo ba. A Inugu, William Onyeabor ya yi amfani da na'urorin Moog a faya-fayen da ya fitar daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa 1985. A Yamai kuwa, Mamman Sani ya sami wani akwatin kiɗan lantarki ƙirar Orla na ƙasar Italiya, ya riƙa zuba karin waƙoƙin gargajiyar Nijar a cikinsa. A 1978 ya ɗauki kaset a gidan rediyon ƙasar, kuma shekara da shekaru ana jin kiɗansa tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin. A 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake buga wannan aiki, duniya ta san shi.

A Kano, a rabin ƙarshe na shekarun 1990 ne ɗakunan ɗaukar sauti irin su na Iyan-Tama suka fara amfani da fiyanon Yamaha ƙirar PSR wajen kiɗan finafinai, al'amarin da Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi nazari a kansa. Ba domin kayan kiɗan Hausa aka ƙera waɗannan na'urori ba. Makaɗan ne suka bi ɗaruruwan muryoyin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, suka zaɓi waɗanda suka fi kama da sarewa da algaita da kalangu. Haka aka sami kiɗan da ya mamaye ƙasar Hausa.

Alƙalin da ke cikin kai

Idan sauti ya shiga kunne, sai ya kaɗa tantanin dodon kunne. Wasu ƙananan ƙasusuwa uku, waɗanda ɗayansu ne mafi ƙanƙanta a duk jikin mutum, su miƙa karkarwar zuwa wani murɗaɗɗen bututu mai ruwa, mai siffar katantanwa. Da za a warware shi, tsawonsa bai wuce milimita 35 ba. A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta kimanin 15,000 masu gashi a ka. Na bakin bututun suna amsa siririn sauti, na can ƙurya suna amsa mai kauri, kamar dai jerin madannan fiyano. Georg von Békésy ya sami lambar Nobel a 1961 saboda binciken da ya yi kan wannan. Ke nan abin da sintasaiza ta haɗa, kunne warware shi yake yi, ya aika wa ƙwaƙwalwa ta jijiya.

Ita kuwa ƙwaƙwalwa takan cike giɓi da kanta. Layin tarho na da yana wucewa ne da karkarwa daga 300 zuwa 3,400 kawai, wato uwar muryar namiji, mai 120, ba ta isowa. Duk da haka mai saurare yana jin muryar da kaurinta, domin ƙwaƙwalwa ta ji 'ya'yan ta gane uwar. A kan irin wannan hali na ƙwaƙwalwa ne na'urorin sauti suka dogara.

Amsa-kuwwa da gyaran murya

Masu sauti suna ƙara wa murya armashi da wasu dabaru. Mafi shahara ita ce amsa-kuwwa. Idan mutum ya yi kira a gaban dutsen da ke nesa da shi da mita 17 ko fiye, muryarsa za ta dawo bayan aƙalla kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, ya ji ta a ware. Na'ura tana kwaikwayon haka ta hanyar riƙe sauti na ɗan lokaci kafin ta sake shi. Idan ta yawaita maimaicin a kusa da juna, sai mawaƙin da ke cikin ɗan ƙaramin ɗaki ya ji kamar a katafaren zaure yake.

Wata dabarar kuma tana da dangantaka da man fetur, abin da mutanen Romi suka sani, tun da kogin Romi ya bi ta kusa da matatar mai ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1980. Masu neman mai sukan aika amo cikin ƙasa, su nazarci yadda ya dawo, su gane abin da ke kwance a ƙarƙashi. Wani injiniya mai suna Andy Hildebrand ya yi wannan aiki a kamfanin Exxon. Daga baya ya juya irin wannan lissafi zuwa ga muryar mawaƙa, ya fito da Auto-Tune a 1997. Manhajar takan auna karkarwar murya, ta ja ta zuwa mataki mafi kusa. Idan aka sa ta yin gyaran cikin gaggawa, sai muryar ta daina gangarawa tsakanin matakai, ta riƙa tsalle, ta fito kamar ta ƙarfe. Ita ce muryar da aka saba ji a yawancin waƙoƙin finafinan Hausa.

Kama da wane ba ta wane

Hausa harshe ne mai karin sauti. Kuka na hawaye da kuka ta miya baƙaƙensu ɗaya ne, hawa da saukar murya ne suka raba su. Saboda haka ne kalangu yake magana. Makaɗi yakan matse tsirkiyoyinsa a hammata, fata ta ɗaure, sauti ya hau. Ya sassauta, sauti ya sauka, yana bin karin kalma sawu da ƙafa. Da irin wannan kiɗa Alhaji Mamman Shata ya yi waƙa har rasuwarsa a 1999. Madannan fiyano kuwa matakai ne goma sha biyu tsayayyu da ke maimaita kansu. An sa wa na'urori da yawa wata 'yar ƙafa da ake murzawa don lanƙwasa sauti, amma sai wanda kunnensa ya san maganar kalangu ne zai san inda zai lanƙwasa. Idan masu kalangu suka ƙare ba magada, na'ura za ta adana amonsa, amma ba za ta adana maganarsa ba.

Abin da ba shi da kayan gyara

Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Hira ta yau da kullum tana kusan 60. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa baligi zai iya sauraron sauti mai desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da lahani ba, amma kowane ƙarin desibel 3 yana rage wannan lokaci da rabi. A desibel 100, wanda lasifikar biki takan kai, lokacin bai wuce kimanin minti 20 a mako ba. Hukumar ta ƙiyasta cewa matasa sama da biliyan ɗaya ne suke cikin haɗarin lalacewar ji saboda sauraron sauti mai ƙarfi.

Ƙara mai tsanani tana karya gashin ƙwayoyin nan na cikin katantanwar kunne, daga bisani su mutu. Tsuntsaye da kifaye suna iya sabunta nasu, amma na ɗan Adam idan sun mutu sun tafi ke nan. Masu jin siririn sauti ne suke fara lalacewa, shi ya sa mai wannan matsala yakan ji ana magana amma ya kasa rarrabe kalmomi, musamman cikin hayaniya. Ƙugin da kunne yake yi bayan an taso daga biki gargaɗi ne. Wanda ya fi kowa shiga haɗari shi ne saurayin nan mai fiyano, domin shi ne yake zama dab da lasifika mako bayan mako, alhali da kunnen yake cin abinci.

Rigakafin ba shi da tsada. A nisanta wurin zama daga lasifika, domin a fili duk ninka tazara yana rage kimanin desibel 6. A rage ƙarar abin sauraro na kunne, a riƙa fita ana hutar da kunne, masu aikin sauti kuma su sa abin toshe kunne. Idan sai an ɗaga murya kafin wanda ke tsaye a tazarar hannu ya ji, to ƙarar ta yi yawa. Ya kamata malaman kimiyya su koya wa ɗalibai wannan awo mai sauƙi tun suna makarantar sakandare. Fiyano idan ya lalace akwai masu gyara a kasuwa, amma har yau babu asibitin da yake mayar da ƙwayar ji guda ɗaya da ta mutu.