Yawan Ƙwallaye Kaɗai Ba Ya Nuna Gwani

A filayen makarantun sakandare na Jabo da Tambuwal da Kebbe, musun 'yan kallo bai wuce wane yaro ya fi zura ƙwallo a raga ba. Sai dai ƙidaya kaɗai ba ta raba gardama. Ɗan gaban da 'yan tsakiya ke ajiye wa ƙwallo a ƙafa daban yake da wanda sai ya koma baya ya ƙwato da kansa. Sau da yawa na biyun ne gwanin. A gasar lig ta Najeriya ta kakar 2009/2010 Ahmed Musa ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18, fiye da kowa, amma Enyimba ce ta ɗauki kofin. Malaman wasanni, ku riƙa lissafawa har da wanda ya bayar aka ci.