Taƙaddama Kan Nauyin Keken Guragu Mai Lantarki A Jiragen Sama

A watan Oktoba na shekarar 1986 ne shugaban Amurka na wancan lokaci, Ronald Reagan, ya sa hannu a kan dokar da ta haramta wa kamfanonin jiragen sama nuna bambanci ga fasinja saboda naƙasa. Shekara 34 bayan haka, wato a watan Oktoba na 2020, wani fasinja mai suna John Morris ya isa filin jirgin sama na garin Gainesville a jihar Filorida riƙe da tikitinsa na zuwa Dallas, amma ma'aikatan kamfanin American Airlines suka shaida masa cewa ba za su ɗauke shi ba. Dalili kuwa shi ne kekensa na guragu mai aiki da batir ya fi nauyin da kamfanin ya ƙayyade.

Shi dai Morris ya rasa ƙafafunsa biyu da hannu ɗaya sakamakon haɗarin mota, kuma ya shahara wajen rubuce-rubuce kan tafiye-tafiyen naƙasassu. Ya sha bin wannan hanya da wannan keke a cikin irin wannan jirgi ba tare da wata matsala ba. Abin da ya sauya shi ne wata ƙa'ida da kamfanin ya shigo da ita a watan Yuni na shekarar ba tare da wata sanarwa mai ƙarfi ba, a daidai lokacin da annobar korona ta zaunar da yawancin matafiya a gida. Ƙa'idar ta ce ƙananan jirage samfurin CRJ ba za su ɗauki keken da ya wuce laba 300 ba, wato kimanin kilo 136, yayin da aka sa wa wasu samfurin Embraer iyakar laba 400, kimanin kilo 181. Keken Morris ya kai laba 450, wato ya zarce kilo 200.

Ga wanda bai san irin waɗannan kekuna ba, nauyin zai iya zama abin mamaki. Keken ba irin wanda ake turawa da hannu a asibiti ba ne, wanda ake naɗewa a jefa a bayan mota. Yana ɗauke da manyan batura biyu, da injinan da ke juya ƙafafunsa, da wasu injinan da ke ɗaga kujerar sama ko su kishingiɗar da mai zama a kai domin kada zama wuri ɗaya ya jawo masa gyambo. Akan ƙera mazauninsa daidai da jikin mai shi, kamar yadda tela yake auna riga. Shi ya sa farashin wasu yakan kai dala 30,000 ko fiye, shi ya sa kuma ba a iya maye gurbinsa da na aro. Yawancin masu amfani da shi mutane ne da naƙasarsu ta yi tsanani, waɗanda ba su da wata hanyar motsi idan aka raba su da shi.

Muhimmancin ƙa'idar ya ta'allaƙa ne a kan yadda aka tsara harkar sufurin sama a Amurka. Manyan jirage suna zirga-zirga tsakanin manyan birane, ƙananan garuruwa kuwa ƙananan jirage ne ke haɗa su da manyan filaye. Bisa lissafin da Morris ya yi, akwai filayen jirgin sama kimanin 130 da kamfanin ba ya kai wa sai da irin waɗannan ƙananan jirage, ma'ana duk mai babban keke a waɗannan garuruwa an rufe masa ƙofa ke nan. Kamfanin ya kare kansa da cewa matakin na kiyaye lafiyar jirgi ne, kuma ya danganta shi da wata dokar ƙasar Kanada da ta buƙaci kamfanoni su bayyana iyakar abin da kowane jirgi zai iya ɗauka. Sai dai sauran manyan kamfanonin Amurka da ke aiki da jirage iri ɗaya ba su sa irin wannan iyaka ba, lamarin da ya raunana hujjar tun daga tushe. Bayan gidan rediyon NPR ya bayar da labarin, kuma suka ta yi yawa, ciki har da ta Sanata Tammy Duckworth wadda ita ma da keken guragu take tafiya, sai kamfanin ya janye ƙa'idar a watan Nuwamba na 2020, ya kuma amince cewa iyakar da ya sa ta yi tsauri fiye da kima.

Wannan ba yana nufin babu matsalar gaske ba. Akwai abubuwa uku da ke wahalar da kamfanoni, kuma nauyi shi ne mafi sauƙin magancewa a cikinsu. Daɓen ɗakin kaya da ke cikin jirgi yana da iyakar nauyin da kowane ɓangarensa zai iya jurewa, keken kuwa yana tara dukkan nauyinsa a kan 'yan ƙafafu huɗu ko shida. Ana iya warware wannan ta hanyar shimfiɗa katako ko faranti a ƙarƙashinsa domin nauyin ya bazu. Haka kuma ana bukatar na'urar ɗaga kaya ko kuma ma'aikata da yawa, domin ɗaga kilo 200 da hannu yana jawo wa leburori ciwon baya, su kuma su saki keken ya faɗi.

Matsalar da ta fi wuya ita ce ta ƙofa. Ƙofar ɗakin kaya ta jirgin Boeing 737, wanda yana cikin jiragen da aka fi amfani da su a duniya, tsayinta bai kai mita ɗaya ba, haka ma na jiragen CRJ. Keken da ya fi ƙofa tsayi sai a kwance wasu sassansa ko a kwantar da shi a gefe, alhali ba a ƙera shi don ya kwanta ba. A nan ne galibin ɓarna take faruwa: sandar tuƙi ta karye, wayoyi su tsinke, madogarar baya ta lanƙwashe. A kan wannan batu ne aka yi wata doguwar shari'a a Kanada. A shekarar 2016 kamfanin Air Canada ya shaida wa wani fasinja, Tim Rose, cewa ba zai iya tafiya daga Toronto zuwa Cleveland ba saboda kekensa ba zai shiga ƙofar jirgin da ke bin hanyar ba. Hukumar sufuri ta ƙasar ta yanke hukunci a 2023 cewa idan fasinja ya bayar da sanarwar kwana 21, kuma ba a samar masa wani jirgin da ya dace ba, to wajibi ne kamfanin ya sauya jirgin da zai yi tafiyar. Kamfanin ya ɗaukaka ƙara, amma kotu ta yi watsi da ita a 2025. Ga masu harkar jirage wannan hukunci babba ne, domin ya ɗora kuɗin gyara a kan kamfani maimakon fasinja.

Na uku shi ne batir. Ƙa'idojin ƙasa da ƙasa kan kaya masu haɗari sun bambanta tsakanin batir mai ruwa da zai iya zubewa, da wanda aka like, da kuma na lithiyam wanda ake tsoron ya kama da wuta. Idan ya zama dole a cire batirin lithiyam daga jikin keke, to sai fasinja ya shiga da shi cikin jirgi, kuma kada ƙarfinsa ya wuce ma'aunin Wh 300. An yarda ya riƙe na ko-ta-kwana guda ɗaya mai wannan ƙarfi, ko biyu da kowannensu bai wuce 160 ba. Sau da yawa gardamar da ake yi a teburin awon kaya ba ta fito daga dokar ba, ta fito ne daga ma'aikacin da bai san wane irin batir ne a gabansa ba.

Tun daga watan Disamba na 2018 aka wajabta wa manyan kamfanonin Amurka su riƙa bayar da rahoton yawan kekunan da suka lalata ko suka ɓatar ko suka jinkirta. Alkaluman Ma'aikatar Sufuri ta ƙasar sun nuna cewa a 2023 kaɗai adadin ya haura 11,000, wato fiye da 30 a kowace rana. Cikin kowane keke 100 da aka miƙa, fiye da ɗaya yana samun matsala, abin da ya ninka na jakunkunan tufafi fiye da sau biyu. Wani lokaci abin yakan wuce asarar dukiya. Engracia Figueroa, wata mai fafutukar haƙƙin naƙasassu daga jihar Kalifoniya, an lalata mata keke a wata tafiya a watan Yuli na 2021, ta yi watanni tana amfani da na aro wanda bai dace da jikinta ba, ta kuma rasu a ƙarshen watan Oktoba na shekarar. Ƙungiyar da take aiki da ita ta danganta rasuwar da gyambon da ya tsananta a wancan lokaci.

A watan Oktoba na 2024 Ma'aikatar Sufuri ta ci kamfanin American Airlines tarar dala miliyan 50 saboda yadda ya tafiyar da naƙasassu da kekunansu tsakanin 2019 da 2023. Rabin kuɗin ne aka ce ya biya baitulmali, sauran rabin kuwa aka lasafta shi a kan abin da zai kashe wajen sayen kayan aiki da biyan fasinjoji diyya. Wata biyu bayan haka ma'aikatar ta fitar da sabuwar ƙa'ida mai tsauri kan horar da ma'aikata da gaggauta gyara ko musanya keken da aka lalata. Manyan kamfanoni sun garzaya kotu a farkon 2025 suna ƙalubalantar ta, kuma gwamnatin da ta biyo baya ta ɗage aiwatar da wasu sassanta.

Inda ya kamata ɗan kasuwa mai tafiya ƙetare ya buɗe ido shi ne batun diyya. A tafiyar cikin gida a Amurka, kamfanin da ya lalata keke zai iya biya har zuwa cikakken kuɗin da aka saye shi. A tafiya tsakanin ƙasashe kuwa Yarjejeniyar Montreal ta 1999 ce ke aiki, kuma ita a wurinta keken guragu kaya ne kamar akwati. Iyakar diyyar da ta tanada, bayan ƙarin da aka yi a ƙarshen Disamba na 2024, ita ce 1,519 a ma'aunin kuɗi na Asusun Lamuni na Duniya, wato kimanin dala 2,000. Idan aka kwatanta wannan da keken dala 30,000, za a ga cewa kamfani ba shi da wani babban abin tsoro idan ya yi sakaci. Yarjejeniyar ta ba fasinja damar bayyana ainihin darajar kayansa a rubuce tun lokacin miƙa su domin a ɗaga iyakar, sai dai kamfani yana iya neman ƙarin kuɗi a kan haka, kuma matafiya kaɗan ne suka san da wannan dama. A Tarayyar Turai, dokar 2006 ta ba naƙasasshe haƙƙin tafiya da na'urorin motsi har biyu kyauta, bisa sharaɗin ya bayar da sanarwar awa 48 idan keken mai lantarki ne, kuma akwai wurin da zai shiga a jirgin. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne kafar da kamfanoni suke fita ta ciki.

Batun ya shafi Nijeriya kai tsaye, domin jirage masu ƙananan ƙofofi irin waɗanda aka yi taƙaddama a kansu suna cikin waɗanda kamfanonin cikin gida suka yi aiki da su. Kamfanin Ibom Air ya fara aiki a 2019 da jiragen CRJ900, Air Peace kuma ya sayi ƙananan jiragen Embraer 145. Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Montreal, ta kuma shigar da ita cikin dokokinta na sufurin sama. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda ta wajabta wa kamfanonin jiragen sama su tabbatar naƙasassu suna iya shiga jiragensu, su tanadi kekuna masu aiki, su kuma taimaka musu wajen hawa da sauka. Wa'adin shekara biyar da dokar ta bayar na gyara gine-gine da ababen hawa ya cika a Janairu na 2024. Tarar da ta tanada ga kamfanin da ya nuna bambanci naira miliyan ɗaya ce, kuɗin da faɗuwar darajar naira ta rage wa kaifi ƙwarai tun daga lokacin. A filayen da fasinja ke hawa jirgi ta matakala, inda babu motar ɗaga marasa lafiya, ɗaukar mutum cak a hannu ita ce hanyar da ta rage.

Wasu kamfanoni sun fara kallon lamarin da idon ciniki. A 2024 kamfanin United ya ƙara wani tsari a shafinsa na sayar da tikiti inda fasinja zai shigar da tsayi da faɗin kekensa, a nuna masa jiragen da zai shiga, kuma idan hakan ya tilasta masa sayen tikiti mafi tsada sai a mayar masa da rarar. Dokar da majalisar Amurka ta zartar a watan Mayu na wannan shekarar ita ma ta buƙaci kamfanoni su wallafa girman ɗakunan kayan jiragensu.

Abin da ƙungiyoyin naƙasassu suka daɗe suna nema ya wuce haka: a bar mutum ya shiga jirgi a kan kekensa, a ɗaure keken a daɓe, kamar yadda ake yi a jirgin ƙasa da motocin safa a ƙasashe da dama. Wani nazari da Hukumar Binciken Sufuri ta Amurka ta fitar a 2021 bai gano wani babban cikas na ƙira da zai hana hakan a yawancin manyan jirage ba, amma ya nuna za a bukaci filin da ya kai layi biyu na kujeru kusa da ƙofa, kujeru kuwa su ne hajar da kamfani yake sayarwa. A watan Yuni na 2023, a baje kolin kayan cikin jirgi na birnin Hamburg a Jamus, wani reshen kamfanin Delta tare da wata gamayya daga Ingila mai suna Air4All sun nuna kujerar da ake naɗewa ta ba keke wuri, idan kuma babu mai keke a tafiyar sai a buɗe ta a sayar wa kowane fasinja.